Lemar ammoniya da wahalar kwashe iska

Ranar nan iskar hadari ta juye min lema a bakin babbar kasuwar Maradi, ƙarafunanta suka koma sama, ina ta kokawa da ita sai na tuno zanen da mushenmu ya taɓa yi mana a allo a lise. Ammoniya dai, wadda ake yin takin yuriya da ita, ƙwayarta kamar lema take, naitirojin ɗaya a tsakiya haidirojin uku a gefe, kuma juyewa take yi ta komo, wajen sau miliyar 24 a daƙiƙa guda.

Masana rijiya biyu suke ce ma abin, wato lema a daidai da lema a juye, da tudu a tsakani. Dutse in ya faɗa ɗaya nan zai zauna sai an ciro shi, ita ko ƙwayar zarra ba ta da ƙarfin hawa tudun amma sai ka ganta ta ɓulla a ɗaya rijiyar, ratsawa ta yi ta ciki. Friedrich Hund na Jamus ne ya fara lissafa wanga abu a 1927, a takarda kurum.

Aunawa ita ce aiki. A 1934 Cleeton da Williams a jami'ar Michigan ta Amurka suka ɗura ammoniya cikin jakar yadi mai roba suka harba mata igiyar rediyo gajera, sun ga alamar juyewar, amma a dame take, don ƙwayoyin sun cushe suna ta bangazar juna kamar ranar kasuwa. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da kayan rada suka samu aka kuma rage iskar cikin bututu, layukan alamar suka fito ɗaya-ɗaya. Daga nan aka yi agogon ammoniya a 1949, a 1954 kuma Charles Townes da abokan aikinshi suka yi mesa (maser), na'urar ƙarfafa igiyar rediyo, yayan leza.

To ka kwashe iska, yaya za ka san abin da ya saura? Dabarar Marcello Pirani ta 1906 tana burge ni wallahi, ƴar waya ce ake zafafawa da kuran, in iska na da yawa ta huce da wuri, in babu ta riƙe zafinta, shi kenan.

Masu binciken saman ƙarfe su suka fi shan wuya. Ka goge tebur da hunturu ka juya baya ƙura ta rufe shi, haka abin yake, ko an rage iska ta koma kashi ɗaya cikin miliyar, cikin kamar daƙiƙa guda ƙwayoyi sun lulluɓe ƙarfen da ka wanke. Ma'aunin iska na wancan zamani kuma, mai tattara cajin ƙwayoyin da suka saura, in ya kai wani wuri cijewa yake yi, hasken ekis-re da yake haifarwa da kanshi yana ruɗa shi. Bayard da Alpert a 1950 suka mayar da abin tattara cajin ƴar siririyar waya, sannan aka iya tabbatar da fankon da ƙarfe zai yi awoyi a cikinshi bai yi dauɗa ba.