Siéntate ko siéntese: wanne za ka faɗa wa wa?

A Sifaniyanci akwai aikatau da aikinsu ke komawa kan mai yin sa, ana gane su da "se" a ƙarshe: sentarse, zama, levantarse, tashi, callarse, yin shiru. Kafin ka ba mutum umarni da ɗayansu, sai ka fara tantance matsayinsa a wurinka. Tú da usted duk "kai" ko "ke" suke nufi. Tú na aboki ne da yaro da tsara. Usted na dattijo ne da baƙo da wanda kake jin nauyinsa.

Asalin usted shi ne vuestra merced, lafazin girmamawa na da, shi ya sa yake tafiya kamar ana maganar wani na uku, irin yadda za ka ce "Malam ya zauna" alhali Malam ɗin yana gabanka. Saboda haka wakilin sunansa "se" ne, na tú kuwa "te". Aboki ka ce masa siéntate, levántate. Dattijo kuma siéntese, levántese. Ka lura abu biyu ne suka sauya tare, wasalin aikatau da wakilin sunan da ke manne a bayansa. A aikatau masu ƙarewa da -er ko -ir wasalin juyawa yake yi: muévete ga aboki, muévase ga babba, wato motsa.

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don sauya guda ka bar guda kan jefa ka cikin wani aikatau dabam. Siéntese na nufin a zauna, siéntase kuwa daga sentirse yake, wato ji a rai. Wasali ɗaya tak ne tsakaninsu.

In hani ne, wakilin suna kan dawo gaba ya tsaya shi kaɗai: no te preocupes, no se preocupe, kada a damu.

Zaɓin yana da nauyi ƙwarai. A 2007, a taron shugabanni a Santiago ta ƙasar Chile, Sarkin Sifaniya Juan Carlos ya ce wa Hugo Chávez na Benezuwela "¿Por qué no te callas?", me ya sa ba za ka yi shiru ba. Wannan "te" ɗin, ga shugaban ƙasa a bainar jama'a, ya ƙara wa maganar zafi.

Wuri ma yana da tasiri. A Sifaniya tú ya yaɗu har tsakanin ɗalibi da malami, amma a Kosta Rika da sassan Kolombiya za ka ji usted a cikin gida, uwa tana ce wa ɗanta siéntese. Mutanen Ajantina kuwa vos suke amfani da shi a madadin tú, sai su ce sentate, nauyin murya a kan "ta".

Ni dai a ganina, wanda ba ka saba da shi ba ka fara masa da usted. In yana son a sassauta, da bakinsa zai ce maka puedes tutearme, wato kana iya ce mini tú, daga nan sai ka koma siéntate.