Waiwaye: Daga risho zuwa ɓuntun shinkafa, neman abin da zai hutar da itatuwa

A ƙauyukan Kano da Jigawa, girki bai taɓa dogara da itace kaɗai ba. Karan dawa da na gero, totuwar masara da busasshen kashin shanu su ke riƙe murhu da rani. Manomi kuwa ba ya kayar da gawo ko ɗorawa ko tsamiyar gonarsa, sai dai ya sassare rassa. Inda ɓarna ta yi ƙamari shi ne daji marar mai shi, wanda manyan motoci ke yashewa domin gidajen burodi da kasuwar gawayi a birni.

Farin 1973 da na 1984 ne suka farkar da hukuma, aka dasa jerin darbejiya da turare don tare iska a wajejen Dambatta da Gumel. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa ta Sahel, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. An dasa da yawa, amma wutar murhu ba ta jiran dashe ya girma.

Akwai lokacin da risho ya so ya kawo sauƙi. Da aka janye tallafin kananzir a 2016, gidaje suka jingine shi suka koma wa gawayi. Sai aka ce gas ne mafita. To, wadda ke sayen icen dare ɗaya da cinikin ƙosai, ina za ta haɗa kuɗin tukunya da na ɗuri, balle kuɗin mota zuwa inda ake ɗurawa?

A ganina abin da zai karɓu a karkara shi ne wanda ke kusa da hannu. A Kura da Haɗeja ɓuntun shinkafa tuli yake a bayan injina, ga shi ana iya matse shi ya zama curin makamashi. Murhun laka mai rufaffen ciki, wanda mata ke iya ginawa da kansu, yana rage cin itace, ya rage hayaƙin da ke cutar da idanu da ƙirjinsu.

Batun farfaɗo da daji kuma, maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gwada sassaben zamani tun wajajen 1980 zuwa 1990: a bar tohon kututture, a zaɓi masu ƙarfi a gyara su, a kare su daga awaki. Miliyoyin hekta sun farfaɗo ba tare da gandun raino ba. Daga Maigatari, ƙetara iyaka kawai mutum zai yi ya gani da idonsa.