Camfi ko alama? Duba zoben wata a Ayalan

Kwanan nan kalmar "camfi" ta zama ruwan dare a bakin masu shirye-shiryen rediyo. Duk abin da tsofaffi suka faɗa kan sararin sama, sai a jefa shi kwando ɗaya, a ce camfi ne. Abin na da ban haushi, domin camfi shi ne haɗa abubuwa biyu da babu sababi tsakaninsu. Alama kuwa sababinta na nan, ko mai faɗar bai san shi ba.

Harshen Ayalan ya raba su: camfi shi ne piseog, alama kuwa comhartha. Daga 1937 zuwa 1939 ɗaliban firamare na ƙasar sun bi gidajen tsofaffi suna rubuta irin waɗannan maganganu ga hukumar adana al'adu, kuma alamun ruwa na ciki.

Ɗauki zoben da ke kewaye wata. Manomin Ayalan zai ce ruwa na tafe, kuma yana da hujja. Iskar ƙasar galibi daga kudu maso yamma take tasowa, daga tekun Atilantika. Kafin hadari ya iso, siririn gajimare na ƙwayoyin ƙanƙara masu kusurwa shida yakan riga shi, a tsawon kilomita 6 ko fiye. Ƙwayoyin su ne ke karya hasken wata, zoben ya fito a nisan digiri 22. Gwajin ba wuya: miƙe hannu, ware yatsu, ɗora babban yatsa kan wata, ƙaramin zai taɓa kusan gefen zoben. In gajimaren ya ci gaba da kauri har wata ya dushe, ruwa yakan sauka cikin awa 12 zuwa 24. Inda ake kuskure: ɗan zobe mai launi da ke manne da wata daban ne, ɗigon ruwa ke jawo shi. Wani sa'in kuma hadarin ya karkata arewa, a kwana da shanya a waje lafiya lau.

Gishirin da ke jiƙewa a kwano ma haka ne; yana fara shan raɓa in damshin iska ya kai kusan kashi 75.

Ga camfi na gaske: wai in rana ta haska ranar 1 ga Fabrairu, Cailleach, tsohuwar hunturu a tatsuniyoyin Ayalan, ce ta fita neman itace, don haka sanyi zai daɗe. Labari ne mai daɗi a bakin murhu, amma hasken yini ɗaya bai san abin da Maris zai zo da shi ba.