Waiwaye: ƙoƙi-ƙoƙin da ake ɗauka fure ne

Duk lokacin da bidiyon nan na "fure" mai kama ƙwari ya sake zagayowa a WhatsApp, sai gardama ta tashi a majalisun Jos, har a wajen masu sayar da furanni a bakin titi, mutanen da ba a yi musu gorin sanin fure. Abu fari mai ratsin ruwan hoda yana zaune a kan ganye, malam-buɗe-littafi ya matso, sai "furen" ya miƙa hannu ya cafke shi. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne. Ƙwaro ne na gaske, dangin ƙoƙi-ƙoƙin da muka sani, sai dai shi a dazuzzukan Malesiya, Indonesiya da maƙwabtansu yake. Masana suna kiransa Hymenopus coronatus.

Ruɗin ya daɗe. A 1879 wani ɗan jaridar Ostireliya, James Hingston, ya ba da labarin cewa a tsibirin Java an nuna masa fure mai kama ƙwari yana cinyewa. Wannan ƙwaron ne ake kyautata zaton ya gani. Shekara 10 bayan haka masanin halittu Alfred Russel Wallace ya kawo shi misalin dabbar da ke kwaikwayon fure, sannan wani masanin dabbobi, Nelson Annandale, ya lura da ɗaya a yankin Malaya, ya bayyana a 1900 yadda ya hau reshe ya lafe a cikin furanni, ƙananan ƙudaje suna sauka a jikinsa.

Daga nan magana ta zauna: wai ɓuya yake a cikin furanni, kamar yadda hawainiya ke sajewa da ganye. An fi shekara 100 ana kwafar wannan bayani daga littafi zuwa littafi, ba wanda ya shiga daji ya gwada. A ganina sakacin nan ya fi ƙwaron ban mamaki.

James O'Hanlon na Jami'ar Macquarie ta Ostireliya da abokan aikinsa ne suka gwada a Malesiya, sakamakon ya fito a 2014. Sun auna launinsa yadda idon ƙudan zuma ke gani, suka tarar bai bambanta da na furannin yankin ba. Suka ɗora shi shi kaɗai a kan sanda, ga fure na gaske a wani gefe, sai ƙwari suka fi zuwa wajensa. Ashe ba ya buƙatar mafaka, shi kansa ne tarkon. Kuma duk da sunan furen okid da Turawa suka laƙaba masa, ba a gano wani fure guda da yake kwaikwayo ba.

Macen ce gwanar wannan farauta. Takan kai santimita 6 zuwa 7, namijin kuwa bai kai rabinta ba, yawonsa na neman mace ne. Ɗan da aka ƙyanƙyashe baƙi da ja yake fitowa, sai ya yi saɓa farin ya bayyana.

Ko faffaɗan ƙafafun nan masu kama da ganyen fure ba su tsira daga sabon bincike ba. A 2023 masana a lambun tsirrai na Xishuangbanna da ke Sin suka nuna cewa ƙanana, waɗanda ba su yi fiffike ba tukuna, da su suke tare iska idan sun diro daga reshe, su sauka can nesa da gindin bishiyar.