Zaɓen hukumomin makarantu a Amurka da batun tsaron ɗalibai

Hukumar makarantu ta gunduma wata ƴar ƙaramar majalisa ce da ke riƙe da ragamar makarantun gwamnati na firamare da sakandare a wani yanki a ƙasar Amurka, kuma yawancinsu mutanen yankin ne ke zaɓen mambobinta da ƙuri'a kamar dai yadda ake zaɓen kansila. Akwai irin waɗannan gundumomi sama da 13,000 a faɗin ƙasar, wata makaranta ɗaya ko biyu kawai gareta a ƙauye, wata kuma irin ta Los Angeles ɗaliban da ke ƙarƙashinta sun fi mutanen wani babban gari yawa. A da ba wanda ya cika damuwa da wannan zaɓe, amma tun daga harin makarantar Columbine a 1999, musamman kuma bayan 2018, maganar tsaron yara a makaranta ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake cin kujera ko a faɗi a kansu.

Asalin tsarin

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba sam, dan haka sai lamarin ya faɗa hannun jihohi, su kuma jihohin suka miƙa gudanarwar yau da kullum ga gundumomi. Abin ya samo tushe ne a Massachusetts inda dokar 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai magidanta 50 ya ɗauki malami, a 1826 kuma jihar ta ware kwamitocin makaranta daban daga sauran masu mulkin gari. Daga nan tsarin ya bazu. Ba ko'ina yake iri ɗaya ba dai, Hawai duk jihar gunduma ɗaya ce, a birnin New York kuma tun 2002 magajin gari ne ke da iko da makarantu, haka ma Boston naɗa mambobin ake yi.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya zai iya kwatanta ta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, sai dai bambancin babba ne, dan ita wannan ba gwamna ko ciyaman ke naɗa ta ba, kuma a jihohi da yawa tana da hannu wajen yanka haraji.

Aikinsu da yadda ake zaɓensu

Mambobin kan zama 5 ko 7 ko 9, wa'adinsu yawanci shekara 4, da yawa daga cikinsu ma ba albashi suke karɓa ba ko kuma ɗan alawus ne da bai taka kara ya karya ba. Iyaye ne, da tsofaffin malamai, da ƴan kasuwar gari. Su ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma wanda ake ce wa sufurtanda, su kuma ke korarsa, su ke amincewa da kasafin kuɗi, su sa hannu a kwantiragi, su kafa dokokin ladabtar da ɗalibai. Kuɗin makarantu mafi yawa daga jiha yake zuwa da kuma harajin gidaje da filaye na yankin, abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne a shekarun da ba wani tallafi na musamman. Idan kuma za a yi babban aiki kamar gini ko sa sabbin ƙofofi da kyamarori a makarantu da yawa, to sai a nemi jama'a su jefa ƙuri'a a kan cin bashi wanda harajinsu ne zai biya.

A mafi yawan jihohi ba a rubuta jam'iyyar ɗan takara a takardar ƙuri'a, ko a Fulorida da aka nemi canza hakan a zaɓen 2024 ƙudurin bai samu kashi 60 cikin 100 da ake buƙata ba. Sannan wurare da yawa suna yin zaɓen ne a bazara ko wani lokaci da ba ruwansa da babban zaɓe, shi yasa fitowar masu ƙuri'a kan yi ƙasa ƙwarai, wani wajen ko kashi 10 cikin 100 ba a kaiwa, ka ga kenan ƴan ɗaruruwan ƙuri'u na iya yanke wanda zai riƙe kasafin miliyoyin daloli. Ƙungiyoyin malamai da ƙungiyoyin iyaye masu tsari su suka fi cin moriyar wannan ƙarancin.

Yadda tsaro ya shigo kamfe

Dokar tarayya ta 1994 ta ce duk ɗalibin da ya zo da bindiga makaranta a kore shi na shekara guda, daga ita ne salon ba sani ba sabo ya yaɗu har kan ƙananan laifuka. Sai ranar 20 ga Afrilun 1999 ɗalibai biyu suka buɗe wuta a Columbine da ke jihar Kolorado suka kashe ɗalibai 12 da malami 1 a ranar, bayan nan ne ƴan sandan makaranta da atisayen kulle aji a ɓuya suka zama ruwan dare. A Disambar 2012 aka kashe yara ƙanana 20 da manya 6 a firamaren Sandy Hook. Ran 14 ga Fabrairun 2018 mutum 17 suka mutu a sakandaren Marjory Stoneman Douglas a garin Parkland na Fulorida, ran 24 ga Mayun 2022 kuma yara 19 da malamai 2 a firamaren Robb ta Uvalde a Tekzas. Duk lokacin da irin haka ta faru, uban da ba zai taɓa ganin sanata ko gwamna ido da ido ba yana iya zuwa zaman hukumar makarantu da yamma, a ba shi makirfo na minti biyu ko uku ya faɗi abin da ke ransa, kuma wanda yake yi wa maganar maƙwabcinsa ne da suke haɗuwa a kanti. Wannan kusancin shi ya sa fushin ke sauka a kansu.

Abubuwan da ƴan takara ke jayayya a kai ba su cika canzawa ba. Na farko kuma mafi zafi shi ne a saka ɗan sanda mai bindiga a makaranta ko kar a saka. Sai batun ba malamai da ma'aikata damar riƙe makami, da na'urar gano ƙarfe a bakin ƙofa, da ƙofar shiga guda ɗaya, da jakar makaranta wadda ake ganin abin da ke cikinta. Ɗaya ɓangaren kuma su kan ce kuɗin nan da an ɗauki masu ba yara shawara da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ya fi, sabida yawancin masu kai harin ɗalibai ne na makarantar ko tsofaffin ɗalibanta kuma sukan nuna alama kafin su aikata. Akwai kuma tsaron da ba ya shiga labaran duniya amma shi ya fi damun iyaye kullum, faɗa a tsakanin ɗalibai, cin zali, ƙwaya, da tambayar ko ɗalibin da aka kama da makami za a bar shi ya dawo aji.

Broward bayan Parkland

Makarantar Parkland tana ƙarƙashin gundumar Broward ne, wadda a lokacin ita ce ta shida a girma a duk ƙasar. Wata shida kacal bayan harin, Lori Alhadeff wadda aka kashe ƴarta Alyssa mai shekara 14 ta tsaya takara ta ci kujera a watan Agustan 2018, daga baya ma ta shugabanci hukumar. Wani uban da shi ma ya rasa ƴarsa, Ryan Petty, ya tsaya a zaɓen amma bai kai labari ba. A 2020 Debra Hixon, matar daraktan wasannin makarantar da aka kashe a harin, ita ma ta shiga. Mutanen da ba su taɓa tunanin siyasa ba, mutuwar nasu ce ta kawo su kan teburin, kuma gaskiya abin yana taɓa zuciya. Alhadeff ce ta yi ta fafutuka a kan dokar da aka sa wa sunan ƴarta, wadda ke neman makarantu su samar da maɓallin neman agaji da ke kiran ƴan sanda kai tsaye ba tare da ƙara ba, New Jersey ta amince da ita a 2019, Fulorida a 2020, wasu jihohin suka biyo baya.

Akwai kuma maganar kuɗi. A 2014 mutanen Broward sun amince da cin bashin dala miliyan 800 dan gyaran makarantu har da harkar tsaro, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Wani kwamitin bincike na kotu da aka kafa bayan harin ya fitar da rahoto a Agustan 2022 yana zargin wasu mambobi da sakaci, gwamna Ron DeSantis kuma ya dakatar da mutum huɗu ya naɗa wasu a madadinsu. Wasu sun ce daidai kenan, wasu kuma suka ce wanda jama'a suka zaɓa ai jama'a ya kamata su cire shi.

Cire ƴan sanda da dawo da su

Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a birnin Minneapolis a Mayun 2020, sai iska ta juya. A farkon watan Yuni hukumar makarantun Minneapolis ta soke kwantiraginta da ƴan sandan birnin, Oakland ta rushe rundunar ƴan sandan makarantunta, Los Angeles ta zaftare dala miliyan 25 daga kasafin tata. Hujjarsu ita ce yaran baƙaƙen fata da masu nakasa su aka fi kamawa a kuma kai kotu a kan abin da a da shugaban makaranta ne zai tsawatar kawai. Bincike da dama ya nuna cewa zaman ɗan sanda a makaranta yana rage wasu faɗace-faɗace amma yana ƙara yawan kora da kamu, kuma ba a samu tabbacin yana hana harbi ba. A Columbine akwai jami'i mai bindiga, a Parkland ma akwai, shi na Parkland ɗin bai shiga ginin ba, aka gurfanar da shi kotu ta wanke shi a 2023.

Labarin birnin Denver na jihar Kolorado shi ya fi nuna yadda abin ke komawa kan akwatin zaɓe. A Yunin 2020 hukumar ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya ta fitar da ƴan sanda daga makarantu. A Fabrairun 2023 aka harbi wani ɗalibi a cikin mota kusa da sakandaren East ya rasu daga baya, sai kuma ran 22 ga Maris wani ɗalibin da ake caje shi kullum da safe ya harbi jami'an makarantar biyu ya ji musu rauni. Washegari hukumar ta jingine haramcin, a watan Yuni kuma aka dawo da ƴan sandan da ƙuri'a 4 da 3. Duk da haka iyaye ba su huce ba, har ƙungiya suka kafa suna neman mambobin su yi murabus, da zaɓen Nuwamban 2023 ya zo kujeru uku ne ake takara a kai kuma duka ukun sabbin fuskoki suka ɗauka, biyu masu ci suka faɗi, cikin waɗanda suka ci har da John Youngquist tsohon shugaban makarantar East ɗin.

Uvalde

A Uvalde gundumar makarantu tana da ƴan sandanta na kanta, kuma shugabansu Pete Arredondo yana cikin waɗanda suka fara isa wajen. Jami'ai 376 daga hukumomi daban daban suka taru amma sai da aka kwashe minti 77 kafin a shiga ajin da maharin yake, yara na ciki suna kiran waya suna neman taimako. Iyaye suka yi ta cika zauren zaman hukumar duk tsawon wannan bazara, a ƙarshen Agustan 2022 aka kori Arredondo, a Oktoba aka dakatar da rundunar gaba ɗaya bayan iyaye sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar ofishin gundumar. A zaɓen 2024 kawun ɗaya daga cikin yaran da aka kashe ya samu kujera a hukumar.

Iyakar ikonsu

Wani abu da ba a cika faɗa a lokacin kamfe ba shi ne hukumar makarantu ba ta da ta cewa a kan wa zai sayi bindiga ko wace iri, wannan na majalisar jiha ne da ta tarayya. Abin da ke hannunta shi ne ƙofa da makulli da ma'aikata da dokokin cikin gida, su ma ɗin jiha na yawan yi mata katsalandan. Dokar Fulorida ta Maris 2018 ta tilasta kowace makaranta ta samu jami'in tsaro mai makami, ta kuma bar wa kowace gunduma zaɓin shiga shirin horar da ma'aikata su riƙe bindiga, a 2019 aka faɗaɗa shi har ga malaman aji. Ohayo a 2022 ta rage horon da ake buƙata ga ma'aikacin da zai riƙe makami zuwa awa 24, ta ce hukumar gunduma ce za ta yanke ko tana so, to ka ga an jefo musu garwashi a hannu kenan, dole duk ɗan takara ya faɗi matsayinsa. Gwamnatin tarayya ta ware kuɗi ga tsaro da lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu ta dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2022, amma irin wannan tallafin na ɗan lokaci ne, albashin jami'i kuma duk shekara ake biya.

Tekzas ce ta fi fito da matsalar fili. Dokarta ta 2023 ta ce kowace makaranta sai da jami'i mai bindiga, amma kuɗin da ta haɗa da shi a lokacin dala 15,000 ne ga kowace makaranta da dala 10 a kan kowane ɗalibi, abin da bai kai ko rabin albashin ɗan sanda ɗaya ba. Gundumomi da yawa sai suka nemi uzurin da dokar ta tanada suna cewa ba kuɗi ko kuma ba jami'an da za a ɗauka, wasu kuma suka yanko daga kuɗin koyarwa suka cike giɓin, kuma mambobin hukumar ne za su tsaya gaban iyaye su yi bayanin ko wanne suka zaɓa.

Shikago kuma ta bi wata hanya daban. Daga 1995 magajin gari ne ya riƙe cikakken iko da makarantunta, a Fabrairun 2024 hukumar da ya naɗa ta yanke shawarar fitar da ƴan sanda daga makarantun birnin, a Nuwamban shekarar kuma mutanen birnin suka zaɓi mambobin hukumar da ƙuri'arsu a karon farko, mutum 10 daga cikin 21, sauran kujerun an tsara za su koma hannun masu zaɓe a zaɓen 2026.