Yuniya ko Yuniyas? Rigimar nan ba jiya ta fara ba

Kwanan nan duk inda aka taɓo zancen mace ta hau bagade ta yi wa'azi, ko a naɗa ta fasto, sai an jawo Romawa 16:7, wata aya a wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa cikin Littafi Mai Tsarki. Wani ya ce ga mace nan Bulus da bakinsa ya sa ta cikin manzanni, wani ya ce ina, ai namiji ne, turawan zamani ne suka mayar da shi mace don su faranta wa masu fafutukar mata rai. Wannan magana ta biyun ita ce ke damuna gaskiya, don an juya tarihin ne kai a ƙasa.

Bulus ya aika wasiƙar nan daga Koranti wajen shekara ta 57, Tartiyas ne ya riƙe alƙalami, a ƙarshenta kuma ya jero gaisuwa. Cikinsu akwai Andaranikas da wani suna, ya ce 'yan'uwansa ne, an ɗaure su tare, sun ma riga shi bin Almasihu. Sunan da Girkanci haka yake: IOYNIAN. To a wancan zamanin da manyan baƙaƙe ake rubutu, ba tazara tsakanin kalmomi, ba alamar karin murya a sama, kamar dai ajami ba wasali. Mu ma ai mun san abin, ka rubuta "gari" kawai, ba mai sanin na tuwo kake nufi ko na zama sai an ji a bakinka. Haka sunan nan yake, in ka ɗora ɗan karan da ya karkata a kan I na biyu mace ce, Yuniya, in ka ɗora mai lanƙwasa a kan A ya koma namiji, Yuniyas.

Mutanen farko ba su wahala a kai ba. Yohanna Kirisostom, wani babban malamin ikkilisiya wanda Girkanci ne harshen uwarsa, ya yi wa'azi kan ayar a ƙarni na 4, yana mamakin irin hikimar matar nan da har ta cancanci a kira ta manzo. Da aka fara sa alamomi a kwafe-kwafen hannu wajen ƙarni na 9, na mace aka sa. Bugun Girkanci na 1516 mace, fassarar Ingilishi ta 1611 mace. E, daga ƙarni na 13 an samu masu sharhi da masu fassara a Turai da suka ɗauka namiji ne, amma kusan duk rubutun Girkancin da ke hannun malamai bai motsa ba.

Wurin da ba a cika faɗa ba shi ne 1927. A shekarar aka fitar da bugu na 13 na ƙaramin Sabon Alkawarin Girkancin nan da ake bugawa a Jamus, wanda kusan duk ɗalibin tauhidi da mai fassara a duniya da shi yake aiki. A nan alamar ta tashi daga kan I ta koma kan A. Ba wani tsohon kwafi aka tono a Masar ba fa, ba sabuwar hujja, ɗan lanƙwasa ne kawai da bai kai ƙwayar gero ba. Sunan na mace aka sauke shi ƙasan shafi cikin ƙananan rubutu, zuwa bugun 1979 ma ko a ƙasan babu shi. Ni ban ɗauka mugunta ce ba, abin da na gani shi ne zato, tunda an ce manzo to lalle namiji ne, kuma zaton ya riga ya zauna a kan kowa a lokacin har ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Sai aka ce wai Yuniyas gajeren Yuniyanus ne. Amma an duba rubuce-rubucen kan duwatsu da kaburburan Roma, sunan Yuniya na mata ya fito fiye da sau 250, shi kuwa Yuniyas ɗin ba a same shi ba. Hatta tsohon kwafin da ake kira P46, na wajen shekara ta 200, da ya saɓa, Yuliya ya rubuta, ita ma mace.

Ka duba shekarun da abin ya ɗauka, daga 1927 har 1998 da aka mayar da alamar wurinta, shekara 71 kenan, kuma a cikinsu ne aka yi ta fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan Afirka da Asiya, aka rubuta ƙamus da littattafan sharhi, aka yaye fastoci. Mai fassara yana buɗe littafinsa ya ga alama, ya ɗauka daga hannun Tartiyas ta fito. Na tuna ranar da malaminmu na Girkanci ya rubuta baƙaƙen nan bakwai a allo ya ce kowa ya nuna masa inda namijin yake, aji ya yi tsit, wani dattijo da ya shekara ashirin yana wa'azi ya cire tabarau ya goge ya sake duba nasa littafin, ya ce "Malam, to ni wa zan yarda da shi yanzu?" Ba wasa a muryarsa, abin ya taɓa shi.

Wata masaniya mai suna Bernadette Brooten ce ta sake tayar da maganar a 1977, kuma abin da ta yi kawai komawa ta yi ga abin da magabata suka karanta. Yau mafi yawan masana, har da waɗanda ba su yarda a naɗa mace ba, sun amince Yuniya mace ce. Gardamar ta koma kan kalmomin da ke biye, episemoi en tois apostolois, ko "fitattu a cikin manzanni" ne ko "sanannu ga manzanni", sannan shi kansa apostolos ɗin, wato manzo, irin na almajiran Yesu sha biyun ne ko ɗan aike na ikkilisiya. Wannan gardama ce ta gaske, a yi ta da hujja. Amma tsofaffin bugun nan har yanzu suna nan cike da kantocin laburaren makarantun tauhidi, ɗalibai na ɗauka suna karantawa, alamar na nan a kan A.