Watan Tarihin Baƙar Fata a Wurin Aiki: Ga Amsa, a Daina Kirana

Duk shekara, da watan Satumba ya doshi ƙarshe, sai 'yan'uwa sababbin zuwa Birtaniya su dame ni da tambayoyi iri ɗaya. Na daɗe ina aiki a wani kamfani a Birmingham, na amsa har bakina ya gaji.

Wai wane biki ne wannan?

Wata guda ne da ake warewa don tuna tarihin baƙar fata da gudummawarsu. A nan watan Oktoba ne, tun 1987. Wani ɗan Ghana, Akyaaba Addai-Sebo, shi ya assasa shi a Landan.

Amma na ji Amurkawa a Fabrairu suke yi.

E. Nasu ya faro ne da mako guda da masanin tarihi Carter G. Woodson ya kafa a 1926, ya zama wata cur a 1976, zamanin shugaban Amurka Gerald Ford. Kai dai a Ingila kake.

Ana ba da hutu?

A'a. Tashi ka tafi aiki.

Ni Bahaushe ne, jiya-jiya na zo. Ina ruwana da tarihin 'yan Jamaika?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. A 1963 kamfanin bas na birnin Bristol, nan Ingila, ba ya ɗaukar baƙar fata aikin direba ko kwandasta. Wani ɗan gwagwarmaya, Paul Stephenson, da wasu 'yan Karibiyan suka sa aka ƙaurace wa motocin wata huɗu, sai da kamfanin ya saduda. A 1965 aka yi dokar farko ta hana wariyar launin fata, a 1968 aka faɗaɗa ta ta haɗa da ɗaukar aiki da gidaje. Kujerar da kake zaune a kai a ofis, ɗan'uwa, wasu ne suka sha sanyi a titi kafin ta samu. Ka iske ruwa kwance kana tambayar wa ya haƙa rijiya.

Manaja ta ce in shirya taron bana. In karɓa ko in ƙi?

To, nan sai a hankali, don ya danganta. In kana cikin watannin gwaji na sabon ma'aikaci, ƙin kai tsaye na iya sa a yi maka kallon mara haɗin kai, ko da ba wanda zai furta. In ka karɓa ido rufe kuma, ka ɗauko wa kanka jakar magori. Ni na taɓa yi. Mako uku ina zama bayan an tashi, ina liƙa hotuna a bango, maiɗakina ta soya ƙosai cike da roba biyu da kuɗinmu. Aka ci, aka tafa, aka ɗauki hoto da ni a tsakiya. Da lokacin duba ƙwazon ma'aikata ya zo, ko da wasa ba a ambaci taron ba.

Saboda haka kada ka ce e, kada ka ce a'a, sai ka yi tambaya. Cikin lokacin aiki za a yi shirin? Nawa kamfani ya ware? Su wa za su kama maka? Za a rubuta shi cikin ayyukanka na shekara? Ka nemi amsar a imel, don maganar baka iska ce. In amsar ta yi daɗi, ina ganin ka karɓa, wataƙila ma ta nan manya su san sunanka. In aka fara kame-kame, ka ce za ka taimaka amma ba za ka ja gaba ba. Wani wurin da gaske suke, wani wurin hoto kawai ake nema, kuma kai ka fi ni sanin gidanku.

In ka karɓa, don Allah kada ya ƙare a shinkafa dafa-duka. Ka ba su labarin mazan jiya, sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi wa Birtaniya yaƙi a Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu masu jin Hausa. A ofishinmu ba wanda ya taɓa jin labarinsu.

Abokin aiki na yawan tsokanata kan launina, wai wasa ne.

Ba wasa ba ne, 'yar'uwa, kuma ba ki da laifi. Dokar daidaito ta 2010 ta hana. Rubuta rana da abin da ya faɗa, ki kai sashen kula da ma'aikata. In kina ƙungiyar ƙwadago, su fara ji.

Zan iya zuwa da kaftani da hula?

Sa abinka. Amma ka goge shi.